Ruwa, Fetur da Harsashi: Ƙarfi da Raunin Fim ɗin Mad Max: Fury Road a Idon Mutanen Bakin Binuwai

A cikin nau'o'in finafinan faɗa akwai wanda ake kira fim ɗin bayan rushewar duniya, wato labarin da ake ginawa bisa zaton cewa yaƙin nukiliya ko annoba ko ƙarewar albarkatun ƙasa ya rusa gwamnati da kotu da kasuwa, aka bar tsirarun da suka tsira suna kokawa a kan ɗan abin da ya saura. Wanda ya fi kowa shahara a wannan fage shi ne George Miller, likita ɗan ƙasar Ostareliya da ya bar aikin asibiti ya rungumi harkar fim, ya fitar da Mad Max a 1979, ya biyo shi da kashi na biyu a 1981 da na uku a 1985, sannan ya ajiye wannan labari har shekara 30 kafin ya dawo da Mad Max: Fury Road a 2015. Wannan kashi na huɗu ci gaba ne, amma ba irin ci gaban da masu kallon Kannywood suka saba da shi ba, inda ake yanke labari a tsakiya a ce sai an haɗu a kashi na gaba, domin kowane kashi yana tsaye da ƙafarsa, har ma jarumin da ya fito a matsayin Max a ukun farko, Mel Gibson, an maye gurbinsa da Tom Hardy.

Labarin gajere ne ƙwarai. Wani azzalumin shugaba mai suna Immortan Joe ya mamaye wasu duwatsu a tsakiyar hamada, inda yake zuƙo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa, ya tara rundunar samari marasa lafiya da suka ɗauke shi abin bauta, ya kuma kulle mata biyar a wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe domin su haifa masa magaji lafiyayye. Furiosa, wadda Charlize Theron ta fito a matsayinta, direbar babbar tankarsa ce, mai hannu ɗaya na ƙarfe, kuma ranar da aka aike ta musayar ruwa da fetur sai ta ɓoye matan a cikin tankar ta saki hanya ta nufi gabas, tana neman ƙasa mai dausayi da aka sato ta daga cikinta tun tana ƙarama. Max, wanda aka kama aka mayar da shi abin tatsar jini, ya faɗa cikin wannan gudu ba da son ransa ba, kuma daga nan kusan duk sa'o'i biyun fim ɗin tsere ne, zuwa da dawowa.

Babban abin yabo a fim ɗin shi ne yadda ya fahimci ginshiƙan mulkin zalunci, ya kuma nuna su ba tare da dogon jawabi ba. Duniyarsa garuruwa uku ce, ɗaya yana riƙe da ruwa da abinci, ɗaya yana tace fetur, na uku yana ƙera harsashi, kuma shugabanninsu uku suna musaya a tsakaninsu ta yadda babu wanda zai sha ko ya yi tafiya ko ya kare kansa sai da izininsu. A farkon fim ɗin akwai wurin da Joe ke fitowa a saman dutse ya tura makunnin famfo, ruwa ya kwararo daga manyan bututu, talakawa su ruga da kwanoni da tsumma suna ture juna a cikin laka, sai kafin minti guda ya cika ya rufe, ya kuma gargaɗe su da kada su saba da ruwa domin kada rashinsa ya dame su. Mutumin Lau, wanda garinsa ke zaune a gaɓar kogin Binuwai a arewacin Jihar Taraba, bai san ƙishirwar hamada ba, amma ya san ginshiƙi na biyu sosai. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuma mai noman rani a fadama da ke dogaro da injin ban ruwa, da mai jirgin fito zuwa ɓangaren Karim Lamido, da ɗan acaɓa mai jigila zuwa Jalingo, duk sun gane cewa kogi yana iya zama a gaban mutum shinkafarsa ta bushe, matuƙar galan ɗin ɗan bumburutu ya fi ƙarfin aljihunsa.

Abin yabo na biyu shi ne gwanintar aiki. Miller ya tsara labarin ne da zane-zane kimanin 3,500 kafin a rubuta maganganu, aka ƙera motoci na gaske kusan 150, aka kuma yi yawancin karo da tsalle-tsallen a zahiri maimakon a dogara kacokan ga kwamfuta. An so a ɗauki fim ɗin a Broken Hill ta Ostareliya, sai ruwan sama ya sauka hamadar ta yi tsanwa shar, aka kwashe kaya zuwa Namibiya a 2012. Matar Miller, Margaret Sixel, ita ce ta tace hotuna na sa'o'i kusan 480 ta mayar da su minti 120, kuma dabarar da suka bi ita ce ajiye duk abin da ake so ido ya gani a tsakiyar allo, ta yadda komai saurin yanka mai kallo ba ya ɓacewa. Wannan ne ya sa fim ɗin ya samu kambun Oscar guda 6 a 2016 cikin 10 da aka sa shi takara, shi ne kuma ya sa saurayin da aka tura masa shi a waya a shagon masu tura finafinai, ko ya kalle shi a gidan kallo ana ƙarar janareta, yake bin labarin tsaf ko da bai ji Turanci ba, ba kuma sai an yi masa fassara irin ta finafinan Indiya ba.

Akwai kuma Nux, saurayin mayaƙi da aka cusa wa imanin cewa mutuwa a kan hanyar Joe ita ce ƙofar aljanna, wanda ke fesa wa bakinsa fenti mai sheƙi kafin ya kai harin da ba ya sa ran dawowa. Fim ɗin bai mayar da shi dodo ba, ya nuna shi yaro ne marar lafiya mai neman wanda zai san da zamansa, kuma mai kallo a arewa maso gabashin Najeriya ba ya buƙatar a yi masa sharhin wannan.

Raunin fim ɗin yana farawa ne daga inda ƙarfinsa yake. An ce fetur ya yi ƙaranci har ana kashe rai a kansa, amma rundunar Joe tana fita da gomman motoci masu shan mai, har da wata da aka cika da lasifikoki da makaɗa da mai jita da ke fesa wuta, abin da ke burge ido amma ya karya hujjar labarin. Mafi nauyi daga wannan shi ne yadda aka ƙawata kisa, domin mutane suna faɗowa daga motoci suna ƙonewa cikin launi mai kyau da kiɗa mai tsuma jiki, ba a kuwa tsaya an nuna gawa ko makoki ba sai a wuri ɗaya ko biyu. Al'ummar da ta ga rikicin manoma da makiyaya a ƙauyukan Lau a watan Janairun 2018, inda aka rasa rayuka da dama aka ƙona gidaje, jama'a suka yi gudun hijira, ta san cewa harin kansa ɗan lokaci ne, abin da ke daɗewa shi ne marayu da rumbunan da suka zama toka da maƙwabtan da suka daina cin kasuwa ɗaya. Haka kuma talakawan da ke ƙarƙashin dutsen, waɗanda ake cewa dominsu ake gwagwarmayar, babu ko ɗaya daga cikinsu da aka ba suna ko magana mai ma'ana. An ɗauki fim ɗin a Afirka amma fuskar baƙar fata ba ta da yawa a cikinsa, sannan masu kare muhalli a Namibiya sun yi ƙorafin cewa motocin sun lalata wasu sassan gandun Dorob, zargin da hukumar finafinan ƙasar ta musanta.

Amma inda fim ɗin ya fi gazawa shi ne ƙarshensa. Bayan Furiosa ta gano cewa dausayin da take nema ya zama gurɓataccen taɓo da hankaki ke shawagi a kansa, Max ya ba da shawarar su koma su ƙwace dutsen maimakon su nausa cikin hamadar gishiri, kuma wannan tunani mai kyau ne, domin yana cewa gyaran gida ya fi gudun da ba a san iyakarsa ba. Sai dai da aka kashe Joe, sai kawai aka buɗe bututun ruwa gaba ɗaya, jama'a suka yi sowa, fim ya ƙare, kamar dai sakin ruwa shi ne adalci. Mazauna gaɓar Binuwai sun san ba haka abin yake ba, tun da ruwan da ake saki daga madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru yana cikin abubuwan da suka tsananta ambaliyar 2012 da ta 2022, waɗanda suka cinye gonaki da gidaje daga Adamawa da Taraba har zuwa kudu. Ruwa yana buƙatar awo da lokaci da sanarwa da wanda za a tuhuma idan an yi ɓarna, kamar yadda fadama take buƙatar a san inda gona ta tsaya da inda burtali da mashaya suka fara. Fim ɗin bai tambayi wanda zai kula da injinan zuƙo ruwan ba, ko yadda za a yi da garin fetur da garin harsashi da ke nan daram, ko abin da zai hana Furiosa zama sabon Joe. Akwai wata tsohuwa a cikin labarin da ke yawo da jakar iri tana neman ƙasar da zai tsiro, kuma ita ce ta fi kowa kusa da ainihin matsalar, amma an ba ta 'yan mintuna kaɗan aka kashe ta a kan hanya, jakar ta koma hannun ɗaya daga cikin matan ba tare da an ga an shuka ko ƙwaya ɗaya ba.

Da Miller ya sake komawa wannan duniya a 2024 da fim ɗin Furiosa, inda Anya Taylor-Joy ta fito a matsayin jarumar tana budurwa, baya ya koma ya ba da tarihin yadda aka sace ta da yadda garuruwan uku suka yi ta rikici, bai matsa gaba ya nuna mulkin bayan Joe ba. Fim ɗin Furiosa ya fi zurfafa bayanin ciniki da siyasar garuruwan, amma kasuwa ba ta karɓe shi ba, domin abin da ya samu a gidajen sinima da ƙyar ya kai kuɗin da aka kashe wajen shirya shi, alhali Fury Road ya tara kimanin dala miliyan 380.