Kasuwa da Abinci a Bakin Tekun Zanzibar

Zanzibar tsibiri ne a gabashin Afirka, cikin tekun Indiya. A shekarar 1964 ya haɗu da Tanganyika, suka zama ƙasar Tanzaniya. Baƙi daga ƙasashe masu nisa sukan zo hutawa, su kama hayar ɗaki a unguwar da ke bakin ruwa, wadda mutanen wurin ke kira Mji Mkongwe, watau tsohon gari.

Baƙon da ya sauka nan ba ya bukatar mota, domin lungunan garin ƙunci gare su, yawancinsu mota ba ta shiga. Da safe yakan taka zuwa kasuwar Darajani, wadda aka gina a 1904. Can ake sayar da ɗanyen kifi, da kwakwa, da ayaba, da kayan yaji. Kanumfari kuwa nan ne gidansa, ƙanshinsa kan tarbi mutum tun daga nesa. Baƙon da bai iya ciniki ba yakan sha tsada.

Amma babban abin sha'awa sai rana ta faɗi. A lambun Forodhani, daf da ruwa, masu abinci sukan jera teburori, su kunna fitilu, su hura gawayi. Ga tsiren kifi, ga jatan lande, ga wata halittar teku mai hannuwa takwas da suke kira pweza. Ana matse rake nan take, a sa citta da lemun tsami, a ba mutum ya sha. Samarin garin kuwa suna ta tsalle daga kan katanga suna faɗawa cikin teku, baƙi na kallo.