Ɗakin Baht 500 a Garin Chanthaburi

Bahaushen da ya ji an ambaci Tailan, buhun shinkafa ne ke fara faɗo masa a rai. In ɗan kasuwa ne kuma, sai ya tuna Bankok da unguwar Pratunam, inda ake sarin tufafi. To amma akwai wani gari mai nisan kimanin kilomita 250 kudu maso gabas da Bankok, a lardin da ya yi iyaka da Kambodiya, wanda masu harkar duwatsu masu daraja daga Afirka suka sani kamar yunwar cikinsu. Sunansa Chanthaburi. Daga tashar Ekkamai ta Bankok, motar safa takan kai mutum cikin kamar awa huɗu. Kowace Juma'a da Asabar da Lahadi, titin Si Chan da lungunansa kan cika da dillalai, kowa da ɗan teburinsa da madubin duba dutse. Ramukan yakutu na yankin sun daɗe da ja baya, amma gwanintar gasa dutse a wuta don launinsa ya fito, da yanka shi da goge shi, ba ta bar garin ba. Shi ya sa ɗanyen dutse daga Mozambik da Madagaska, har da shuɗin yakutu na tsaunin Mambila a jihar Taraba, ke biyo hanya ya ƙare a nan. Wanda ya kawo dutse kuwa dole ya kwana, kuma ba kowane falke ke da kuɗin babban otal ba.

Mu a wurinmu araha ba ta ado, kuma otal mai araha ya riga ya yi ƙaurin suna: zanin gado mai ƙarni, famfon da ba ruwa, janareta na ruri har asuba. A garuruwan lardunan Tailan lissafin daban ne. Ƙananan otal-otal ɗin can ba don masu yawon buɗe ido aka gina su ba. An gina su ne don 'yan ƙasa da tafiya ta kama: wakilin kamfani mai zagayen talla, ma'aikacin gwamnati da aka turo aiki, iyalin da suka zo biki ko jinya. Irin waɗannan mutane za su sake dawowa, kuma ba sa yafe ƙazanta. Don haka abin da aka rage maka a farashi hidima ce, ba tsafta ba. Babu mai ɗaukar maka jaka, sau da yawa babu karin kumallo, kuma da wuya a sami mai jin Turanci sosai a kanta. Falken da ya saba da fatoma, wanda zai ba shi ɗaki, ya ciyar da shi, ya nemo masa mai saye, har ya tsaya masa in rigima ta taso, to ya sani nan gado da ruwa da sanyi kawai ya saya.

Masaukan iri-iri ne, kuma rashin bambance su ne ke jefa baƙo cikin kunya. Akwai tsofaffin otal-otal na tsakiyar gari, waɗanda galibi iyalai 'yan asalin Sin suka gina kuma suke riƙe da su har yau. Bene ne na siminti mai hawa uku ko huɗu, sau da yawa ba lifta, da faffaɗan ɗaki da tsohon kabad na katako. A nan za a tambaye ka ɗakin fanka kake so ko na iyakwandishan. Fanka a bakinsu phat lom ce, iyakwandishan kuwa ae. Ɗakin fanka yakan kama daga wajen baht (kuɗin ƙasar) 250 zuwa 400, na iyakwandishan daga 450 zuwa 800, gwargwadon gari da lokaci. A irin waɗannan gidaje ɗakin "mutum ɗaya" yana nufin babban gado guda, na "mutum biyu" kuma gado biyu. Gado ake ƙirgawa, ba kai ba, saboda haka mutum da matarsa na iya kama mai gado ɗaya su rage kuɗi. Sai kuma sababbin otal-otal na kamfanoni, irin Hop Inn da kamfanin Erawan ya fara buɗewa a 2014, da B2 da ya samo asali daga Chiang Mai. Ɗakunansu ƙanana ne, kamanninsu ɗaya ko'ina, ba abin mamaki ba abin takaici. Wanda bai taɓa zuwa ƙasar ba, ni dai da su zan ce ya fara. Ga mai niyyar daɗewa akwai gidajen da ake haya wata-wata, inda kuɗin ɗaki ke sauka ƙwarai, sai dai ana lissafa wuta da ruwa daban bisa mita, kuma iyakwandishan na dare da rana na iya cinye rangwamen kaf. A tambayi kuɗin kowane ma'aunin wuta kafin a sa hannu.

Akwai kuma wani iri da ya kamata a gane tun daga bakin titi. In ka ga jerin ɗakuna a gefen gari, kowanne da garejin mota a gabansa da labule mai kauri da ake ja a rufe motar, wannan shi ne man rut, masaukin masu ɓuya. Allon farashinsa kashi biyu ne: chua khrao na 'yan sa'o'i, da khang khuen na kwana. Ɗakunan kan yi kyau, farashin ya burge, direban da bai fahimce ka ba ma yana iya sauke ka a can da zuciya ɗaya. Mai mutunci da ya zo da jakar kasuwanci ba wurinsa ba ne.

A kanta, abu na farko fasfo. Kada ranka ya ɓaci don an karɓa an ɗauki hotonsa, doka ce. Sashe na 38 na dokar shige da fice ta 1979 ya wajabta wa duk wanda ya saukar da baƙo ɗan wata ƙasa ya sanar da hukuma cikin awa 24, ta takardar da aka sani da TM30. A ganina wannan takarda ta fi katifar da ke ɗakin muhimmanci. Ranar da ka je ofishin shige da fice neman ƙarin kwanaki, ana iya tambayarka shaidar inda ka sauka, kuma masaukin da ya ce maka "ba sai ka nuna fasfo ba" ba alheri ya yi maka ba. Gaskiyar da ba ta da daɗi ita ce baƙar fata ya fi shan tambaya a ƙasar. A 2018 jami'an shige da fice sun yi ta kai samame kan baƙin da bizarsu ta ƙare, kuma 'yan Afirka na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Tarar wuce wa'adi baht 500 ce kowace rana har ta kai 20,000, ban da tsarewa da hana dawowa in abin ya yi nisa. Mai fasfon Najeriya sai da biza tun daga gida, da katin rigakafin shawara, sa'annan tun 1 ga Mayun 2025 kowane baƙo na cike katin shigowa ta intanet kafin ya sauka. In waɗannan sun cika, a adana rasit ɗin otal tare da su. Kada kuma a firgita da shekarar da ke jikinsa: kalandarsu ta addinin Budda ta ɗara ta Miladiyya da shekara 543, don haka 2025 a wurinsu 2568 ce.

Ana yawan karɓar 'yan ɗaruruwan baht a matsayin jinginar makulli, a mayar maka ranar tafiya. Riƙe tsabar kuɗi, domin biyan da 'yan ƙasa ke yi da waya yana buƙatar asusun bankin can, injin cirar kuɗi kuma na yankar sama da baht 200 a kowane cira da katin waje. Kuma ba laifi ba ne ka ce sai ka ga ɗaki kafin ka biya. Ka kunna iyakwandishan ka saurara, ka buɗe famfo, ka duba ina matakalar gudu take in gobara ta tashi, domin tagogin tsofaffin gidajen da yawa ƙarfe ne a gicce.

Banɗakin zai yi wa Musulmi daɗi fiye da na Turai. Kusa da kowane masai akwai ɗan tiyo mai fesa ruwa, ba sai ka yi jigilar buta ba. Takarda kuwa a kwando ake jefa ta, don bututun siriri ne. Shawa da masai wuri ɗaya suke ba shamaki, ƙasa takan jiƙe gaba ɗaya, a taka a hankali. Katifa tauri gare ta, haka suke so. Katin da ke buɗe ƙofa shi ne ke kunna wutar ɗaki a sababbin gidaje, in ka fita da shi komai ya mutu, har cajin waya. Ɗauke wuta kuwa abu ne da ba kasafai ake gani ba. Ruwan famfo na wanka ne da alwala, ba na sha ba. Akan ajiye maka gora biyu kyauta kullum, in sun ƙare akwai injin sayar da tataccen ruwa a bakin titi kan kusan baht ɗaya lita guda, ga kuma kantunan 7-Eleven da suka haura 14,000 a faɗin ƙasar, yawancinsu ba sa rufewa. Za ka ga tsaka a bango, wataƙila biyu ko uku. Na san yadda muke da ita, amma can ba wanda ya ɗauke ta ƙazanta, kuma kiran mai otal a kanta abin dariya zai zama. Sauro ne abin tsoro, musamman mai cizon rana da ke kawo zazzaɓin dengi. Chanthaburi na samun ruwan sama kusan milimita 3,000 a shekara, ninkin na Kano sau uku ko fiye, mafi yawansa tsakanin Mayu da Oktoba. A wannan lokaci ɗakin ƙasa kan yi warin danshi, wanki kuma ya ƙi bushewa. A nemi na sama.

Sai batun alƙibla, inda sabo ke yaudarar mutum. A bakinmu "fuskantar gabas" da "fuskantar alƙibla" magana ɗaya ce. A Tailan Makka tana yamma ne, da ɗan karkata arewa. Wanda ya shimfiɗa darduma ya kalli mafitar rana ya juya wa Ka'aba baya ke nan. Ƙananan otal-otal na wannan yanki ba sa manna alamar alƙibla a rufi, sai waya ko kamfas su taimaka. Agogonsu kuma yana gaban na Najeriya da Nijar da awa shida, wanda ya kira gida bayan sallar asuba zai tarar da mutane cikin tsakar dare.

Abinci na buƙatar ido. Musulmi kusan kashi 5 cikin 100 ne na al'ummar ƙasar, mafi yawansu a kudu, kuma naman alade na shiga miya da romo ko da ba a gan shi ba. Abincin da Chanthaburi ke alfahari da shi ma, mu chamuang, alade ne da aka dafa da wani ganye mai tsami. Jimlar da za a haddace ita ce "mai kin mu", wato ba na cin alade. Bahaushe ba zai manta ta ba, tunda kunnensa "mai ƙin mu" zai ji. Albarkacin 'yan kasuwa Musulmi daga Afirka da kudancin Asiya, akwai masu sayar da abincin halal a kewayen kasuwar duwatsu, kayan kanti da yawa kuma na ɗauke da tambarin halal na majalisar Musulunci ta ƙasar. Wannan kaɗai ya isa dalilin kama ɗaki kusa da Si Chan, maimakon tsohuwar unguwar bakin kogi, inda tsofaffin gidajen katako da babban cocin Katolika ke jan masu yawon buɗe ido, farashi kuma ya ɗaga. A ƙarshen mako ɗakuna kan yi wuya, haka ma daga Janairu zuwa Maris lokacin da mabiya Budda ke tururuwa zuwa dutsen Khao Khitchakut.

Lardin Chanthaburi shi ne gidan duriyan, wani ɗan itace mai ƙaya a jiki kamar bushiya, mai zaƙi da warin da ke kama labule ya kwana uku. A kusan kowane otal za ka ga hotonsa an ja masa jan layi. Ka saya ka ci a kasuwa, kada ka shigo da shi, tara ce. Shan taba a ɗaki ma haka. Tabar lantarki kuwa haramun ce a dokar ƙasar tun 2014. Kuma duk wanda ya ce ka ajiye masa ƙunshi a ɗakinka, ko ɗan garinku ne, ka ba shi haƙuri, domin hukuncin miyagun ƙwayoyi a can ba wasa ba ne, ɗakin kuma da sunanka aka rubuta shi. Ƙananan otal-otal ba su cika samun akwatin ajiya ba. Fasfo da kuɗi da dutse a jiki suke kwana.

In wani abu ya lalace, murya ƙasa-ƙasa ita ke gyara shi. Mutanen Tailan na ganin ɗaga murya zubar da mutunci ne, naka da na wanda ka yi wa. Yarinyar da ke kanta za ta yi murmushi in ka yi mata tsawa, amma ba murmushin yarda ba ne, kuma famfon zai kwana yadda yake. Ka ƙara khrap a ƙarshen magana in kai namiji ne, kha in mace ce, ka rubuta buƙatarka a manhajar fassara ka nuna. Inda ka ga takalma jere a ƙofa, cire naka. Ɗan ƙaramin gidan da ke kan ginshiƙi a harabar otal, da furanni da jan lemon kwalba a gabansa, na imaninsu ne, a wuce shi ba taɓawa ba tsokaci. Kuɗinsu na ɗauke da hoton sarki, in takarda ta faɗi kada a take ta da ƙafa, kuma sashe na 112 na dokar laifuffuka ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga mai ɓatanci ga sarauta. In abu ya fi ƙarfin kanta, lambar 'yan sandan kula da baƙi 1155 ce, kuma suna jin Turanci.

Ƙarfe goma sha biyun rana ake barin ɗaki a yawancin wurare. Za a tura mai shara ta leƙa ta ƙirga tawul, ta duba firji, sannan a miƙo maka jinginarka. In motarka ta Bankok sai yamma, ka roƙa su ajiye maka jakar tufafi a bayan kanta. Galibi ba sa ƙi, kuma ba sa karɓar ko sisi.