Me Ke Sa Wasu Su Tsira a Hatsarin Jirgin Sama?

Ya ku ɗalibai da iyaye, ku sani yawancin hatsarin jirgin sama lokacin tashi ko sauka yake faruwa. Shi ya sa ake duba titin jirgi kullum, motocin kashe gobara kuma suna zaune cikin shiri.

Sau da yawa hayaƙi da wuta ke kisa bayan jirgi ya taɓa ƙasa. A 1980, a Riyad, wani jirgin Saudiyya ya sauka da gobara a cikinsa. Aka yi jinkirin buɗe ƙofofi, mutum 301 da ke ciki duk suka rasu. A 2024 kuwa, a filin Haneda na Tokyo, jirgin fasinja ya yi karo da wani ƙaramin jirgi a kan titi, ya kama wuta. Mutum 5 na ƙaramin suka mutu, amma 379 na babban duk suka fita da ransu, don sun bi umarnin ma'aikata, ba su tsaya ɗaukar kaya ba.

To, in Baba ko Inna za su tafiya, ku tuna musu: a ɗaure bel, a lura da ƙofa mafi kusa, in hayaƙi ya tashi a sunkuya, jaka kuwa a bar ta. Allah Ya kiyaye hanya, amin.