Tsofaffin Kuɗin Azurfa: Yaya Ake Sanin Darajarsu?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da iyayenmu, a gidaje da yawa akwai tsofaffin sulalla da liyari da kakanni suka bari a cikin adaka. Wasu kan sayar da su a banza, don ba su san abin da ke hannunsu ba.

Kuɗin azurfa daraja biyu gare shi: ta nauyin azurfar da ke jikinsa, da kuma ta ƙarancinsa da kyan fuskarsa. Wannan ta biyun ita masu tara tsofaffin kuɗi ke bi. Abin da suka fi so shi ne wanda Turawa ke kira furuf, wato kuɗin da ba don kashewa a kasuwa aka yi shi ba. Akan goge ƙarfen bugun tas, a buga kuɗin fiye da sau ɗaya, sai fuskarsa ta fito kamar madubi. Irin wannan ko ɗan yatsa ba a ɗora masa, ta gefe ake riƙe shi. Don haka kada wani ya ce bari ya wanke tsohon kuɗi da toka ko lemun tsami. Ƙarcen da zai bari shi ke karya farashi, baƙin tsufa kuwa ba aibi ba ne a wurinsu.

Shekara ma a duba. Kuɗin Ingila na kafin 1920 azurfarsa kashi 92.5 cikin ɗari ce, daga 1920 zuwa 1946 ta koma rabi, daga 1947 kuma babu ita sam. Amma shekara takan yaudari mutum. Liyarin nan mai hoton sarauniya Mariya Taresa ta Ostiriya, wanda mata ke ratayawa, 1780 aka rubuta a jikinsa, shekarar da ta mutu. An ci gaba da buga shi da wannan shekara har a zamaninmu, saboda haka ba kowanne ne tsoho ba.

To, ina batun zakka? Nisabin azurfa dirhami 200 ne, kimanin giram 595. Liyari ɗaya nauyinsa giram 28 ne, tsantsar azurfar cikinsa kuwa giram 23 da 'yan kai. Ke nan wanda ya ajiye guda 26 har shekara ta zagayo, zai fitar da ɗaya bisa arba'in. A kuma kiyaye wajen musaya: azurfa da azurfa sai nauyi ya zo daidai, kuma hannu da hannu, in ba haka ba an faɗa riba. Mai son ƙarin kuɗi saboda kyan bugu, sai ya sayar da naira. Wallahu a'alamu.