Mubi da ƙauyukanta: yadda ake gudanar da mulki da alƙaluman ƙidayar 2006

Garin Mubi da ke arewacin Jihar Adamawa, a gindin duwatsun Mandara kuma daf da iyakar Kamaru, shi ne cibiyar ƙauyuka masu yawa na Fali, Gude, Fulani da sauran al'ummomi. Duk wani lissafi na hukuma kan yawan mutanen wannan yanki yana komawa ne ga ƙidayar jama'a ta 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da Najeriya ta gudanar.

A tsarin mulki, yankin ya kasu gida biyu: Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa mai hedikwata a cikin garin Mubi, da Mubi ta Kudu mai hedikwata a Gella. Suna cikin ƙananan hukumomi 21 na jihar. Ƙidayar 2006 ta nuna Mubi ta Arewa na da mutane fiye da 150,000, Mubi ta Kudu kuma kusan 130,000, a jihar da aka lissafa mata mutane miliyan 3.17.

Kowace ƙaramar hukuma ta kasu zuwa mazaɓu, kuma kowace mazaɓa na tura kansila ɗaya majalisar ƙaramar hukuma. Mubi ta Arewa na da mazaɓu 11, cikinsu har da Lokuwa, Kolere da Yelwa a cikin gari, sai Muchalla, Vimtim, Bahuli da Mayo Bani a karkara. Mubi ta Kudu na da 10, cikinsu akwai Gella, Gude, Kwaja da Lamorde.

Baya ga zaɓaɓɓun shugabanni, akwai tsarin sarauta, wanda shi ne ya fi kusa da mutumin ƙauye. Mai unguwa, wanda a yankin ake kira Jauro, yana ƙarƙashin dagaci, dagaci na ƙarƙashin hakimi, hakimi kuma na ƙarƙashin Mai Martaba Sarkin Mubi, Alhaji Abubakar Isa Ahmadu. Ta wannan hanya ake sasanta rikicin gona, ake sanin baƙon da ya sauka, ake kuma isar da sanarwar rigakafi zuwa lungu da saƙo.

Iyakokin wannan mulki sun sha sauyawa. Jamusawa ne suka fara riƙe Mubi a farkon ƙarni na 20, kafin Turawan Ingila su karɓe ta lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta zama ɓangare na Arewacin Kamaru. A ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 mutanen yankin suka zaɓi shiga Najeriya, aka kafa Lardin Sardauna da hedikwata a Mubi. Daga nan yankin ya shiga Jihar Gongola a 1976, sannan Jihar Adamawa a 1991. Sauyi na baya-bayan nan ya zo ne a Disambar 2024, lokacin da Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya ƙirƙiro sababbin masarautu, aka ba Maiha, Michika da Madagali nasu sarakunan, bayan sun daɗe a ƙarƙashin Masarautar Mubi.

Muhimmancin ƙidaya yana bayyana ne a wajen rabon arziki. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna samun kashi 20.6 cikin ɗari na kuɗin Asusun Tarayya, kuma yawan jama'a na daga cikin manyan ma'aunan da ake raba musu kuɗin da su. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Wannan ya ƙara wa adadin da aka rubuta wa kowace ƙaramar hukuma nauyi, domin da shi ake auna bukatar azuzuwa, asibitin karkara da rijiyar burtsatse.

Sai dai Mubi ta sauya ƙwarai tun daga 2006. A ƙarshen Oktoban 2014 mayaƙan Boko Haram suka ƙwace garin, jama'a suka tsere zuwa Yola, kan duwatsu da cikin Kamaru, kafin a ƙwato shi a watan Nuwamba. Bayan lafawar ƙura mutane sun dawo, wasu 'yan gudun hijira daga Madagali, Michika da kudancin Borno kuma suka zauna a Mubi. Kasuwar shanu ta garin, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa su ma suna ci gaba da jawo mutane daga nesa.

Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta shirya sabuwar ƙidaya a Mayun 2023, amma aka ɗage ta. Kafin a gudanar da ita, hasashe ake yi a kan tsofaffin alƙaluma, kuma hasashe ba ya iya nuna ƙauyen da ya cika da baƙi ko wanda mutanensa suka watse. Duk ranar da masu ƙidaya suka fito, dagatai da Jaurori ne za su nuna musu hanyar ƙauyukan kan dutse irin na Kwaja, kuma adadin da suka rubuta a can shi zai tsayar da rabon waɗannan ƙauyuka na tsawon shekaru.