Yadda Za Ka Sauya Kamfanin Layinka Ba Tare Da Ka Rasa Lambarka Ba

Yau ba sharhin fim na zo da shi ba, ba kuma sabuwar waƙa ba. Maganar layin waya ce. Amma ku daure ku karanta, don wanda ba shi da sabis ai ba shi da Labarina, ba shi da Izzar So, sai dai ya jira a turo mishi bayan kowa ya gama ba da labarin a majalisa.

Wata uku da suka wuce sabis ɗin layin da na fi shekara bakwai ina riƙe da shi ya lalace a unguwarmu nan Janbako. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don layin da ya ba ka haushi a Janbako shi ne wani yake yabo a Bakura. Kira sai na fita bakin hanya ina ɗaga waya sama. Kashi ɗaya na fim mai dogon zango in na sa shi saukewa bayan isha'i, da asuba zan tarar ko rabi bai kai ba. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya ƙona min rai shi ne saƙon lambar sirri da banki ke turowa, ba ya shigowa sai lokacinsa ya wuce. Akwai kuma wani mawaƙi mai tasowa da ya so in tallata mishi waƙa, kwana uku yana nema na ana ce mishi ba a samun layin, ƙarshe ya kai aikin wani wuri.

Sai na yanke shawarar in karya sim ɗin in sayi sabo. Yayana da ke sana'ar POS a Talata Mafara shi ya tare ni. Ya ce, "Kai yaro, mi kaka shirin yi? Lambar da bankinka ya sani ita za ka yar?" Na ce, "To Yaya, ya zan yi da layin da ba ya kira ba ya amsa kira?" Ya ce in bar kamfanin amma in tafi da lambata. Wallahi na ɗauka zolaya yake yi.

Ashe abin ya daɗe. Tun ranar 22 ga Afrilu 2013 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta ƙaddamar da tsarin da ke ba mutum damar tashi daga wani kamfani zuwa wani da lambarsa yadda take, ko sifili ɗaya ba za a taɓa ba. Ma'aikatan kamfanonin suna ce mishi fotin, ni kuma ina ce mishi ƙaura da lamba. Waɗanda suka girme ni za su tuna tallar da ta yi tashe a shekarar: ɗan wasan barkwanci Hafiz Oyetoro, wanda aka fi sani da Saka, da ma fuskar tallar Etisalat ne, kwatsam aka gan shi a tallar MTN yana rawa yana shelar ya yi ƙaura. Mutane da yawa sun ji daɗin tallar, amma a ƙauyukanmu kaɗan ne suka gane me ake tallatawa.

Misalin da ya fi sauƙi gare mu shi ne na jarumi. Jarumi zai bar kamfanin shirya fim ɗin da ya fito da shi ya koma wani, amma da sunansa yake tafiya, masoyansa kuma da wannan sunan za su neme shi. Haka lambar take. Akwai wata ma'ajiya ta tsakiya da duk kamfanonin ke dubawa, a nan ake rubuta cewa lamba kaza ta tashi daga nan ta koma can. In wani ya kira ka, kafin wayarka ta yi ƙara an riga an duba an gano inda kake yanzu, an tura kiran can. Mai kiranka ba zai ga wani bambanci ba.

Me ya sa ba zan sayi sabon layi kawai ba, tunda yanzu kusan kowace Tecno da Itel tana cin sim biyu? Wannan ita ce tambayar da ni ma na yi, kuma gaskiya in matsalarka data ce kawai, sayi sim na biyu ka huta, kada ka wahalar da kanka. Ƙaura ta wanda babbar lambarsa ce ta maƙale a inda ba sabis. Zauna ka lissafa abubuwan da ke rataye a wuyan wannan lambar. BVN ɗinka da saƙon shigar kuɗi da fitarsu. WhatsApp ɗinka da duk zaurukan da kake ciki. Facebook da TikTok da YouTube, waɗanda in ka manta kalmar sirri wannan lambar za su turo wa saƙo. Masu OPay da PalmPay kuwa lambar wayar ita ce ma lambar asusun, an dai cire sifilin farko. Ga 'yan uwa da ke Sakkwato da Kano da Legas, ga tsofaffin da ba su iya ajiye suna a waya ba, sun dai haddace lambar ko an rubuta musu a bango.

Kuma ga abin tsoron: layin da aka daɗe ba a amfani da shi ba ya mutuwa. Kamfani na karɓe lambar ya sake sayar wa wani. Ranar da wani baƙo ya sa sabon sim ya fara ganin saƙon bankinka, ko ya buɗe WhatsApp da lambarka ya fara gaisawa da mutanenka, ranar za ka san ba ƙaramin abu ka yar ba. Mai shafi mai mabiya dubbai, wannan kaɗai ya ishe shi dalili.

Yadda ake yi ba wuya. Ofishin kamfanin da kake son komawa za ka je, ba na wanda za ka bari ba, ba sai ka yi musu sallama ba. Ni Gusau na je, na haɗa da wata sabgar don kada in yi tafiya biyu, kun dai san yadda hanya take yanzu, ba a fita sai da dalili kuma sai da rana. Ka tafi da wayarka da sim ɗin a ciki yana aiki, da lambar NIN ɗinka da katin shaida. Za a ba ka fom ka cike, a ɗauki hotonka da zanen yatsunka, sannan a ce ka tura kalmar PORT zuwa 3232 daga layin da kake son ɗaukewa. Saƙo zai shigo ya nuna an karɓi buƙatarka. Sai su ba ka sabon sim nasu, ka riƙe shi a aljihu. Tsohon zai ci gaba da aiki har lokacin da za ka ga sabis ɗinsa ya ɗauke gaba ɗaya, to nan ne za ka cire shi ka sa sabon. Ƙa'idar hukuma ita ce a kammala cikin awa 48. Nawa ina hanyar dawowa ma aka gama. Ƙaurar kanta kyauta ce, duk wanda ya ce ka ba shi kuɗin fotin na aljihunsa yake nema.

Inda mutanenmu suka fi faɗuwa shi ne wajen suna. Dole mai layin ne da kansa zai je, kuma sunan da ke kan rajistar layin ya zo daidai da na NIN. Mu kuwa a nan layuka nawa ne aka saya a kasuwa ranar Talata da rajistar mai sayarwa a kai, ko yaya ya yi wa ƙane, ko miji ya yi wa mata da sunansa? Tun da gwamnati ta kawo dokar haɗa layi da NIN a Disamba 2020 wannan ya zama babban abu. A gabana aka mayar da wani dattijo da ya taso tun daga wajen Maradun, don layin da sunan ɗansa yake, ɗan kuma yana Kudu wajen neman kuɗi. Ya yi ta cewa shekara goma layin na hannunsa, yarinyar da ke kan kwamfutar ta ce, "Baba ka yi haƙuri, ba ni da yadda zan yi." Ban ji daɗin ganin haka ba, amma da na yi tunani sai na ga in ba don wannan tsaurin ba, duk ɓarawon da ya fizge maka waya sai ya ɗauke lambarka zuwa wani kamfani ka rasa inda za ka bi. Saboda haka kafin ka biya kuɗin mota, tabbatar da sunan wa ke kan layin. In kuma bai daɗe da aka yi maka walkambak ba, ka ɗan jinkirta, ba sa karɓar layin da aka sauya wa sim kwana-kwanan nan.

Lambar ce kawai take bin ka, sauran kaya a tsohon gida ake barinsu. Kuɗin katin da ya rage da datar da ba ka ƙarar ba duk sun tafi, don haka cinye abinka kafin ka je. Ni daren da zan tafi sai da na sauke finafinai har waya ta cika. In akwai bashin kati a kanka biya shi tukuna, kada ya zame maka cikas. Sunayen da ka ajiye a cikin sim kwafe su zuwa waya. Sannan abin da ya shafe mu kai tsaye, waƙar da masu kiranka ke ji kafin ka ɗauka. Wannan hajar tsohon kamfani ce. Ni ta Nura M. Inuwa ce a kan layina shekara da shekaru, har abokai sun san ni da ita, ranar da na yi ƙaura ta ɓace. Sai da na sake saye a sabon wuri.

Akwai kuma rikicin farkon lamba. Mun saba da cewa 0803 da 0806 MTN ne, 0805 Glo, 0802 Airtel, 0809 kuma na Etisalat da ya koma 9mobile a 2017. Bayan ƙaura wannan lissafin ya rushe. Lambarka za ta ci gaba da kama da ta tsohon kamfani alhali kana wani wuri. In za a turo maka kati ko data ta manhajar banki ko wajen mai shago, faɗa musu sabon kamfanin da bakinka, don wasu manhajojin da farkon lamba suke zaɓa da kansu. Sau biyu ana turo min data tana ƙin shiga kafin na gane dalili. Abin da ya zo da sauƙi shi ne tun 2023 lambobin dannawa sun zama iri ɗaya a kowane layi: *310# duba kuɗi, *311# sa kati, *312# sayen data. In an yi maka ba daidai ba kuma kamfani ya ƙi saurarenka, 622 ita ce lambar kai ƙara wajen NCC, kyauta ce.

Kada kuma ka yi ƙaura saboda talla ko don wani ya yabi layinsa a Gusau. In ka koma ba a barinka ka sake tashi nan take. Da aka fara tsarin kwana 90 ake jira, daga baya aka rage, amma har yanzu sai ka yi makonni. Ni abin da na yi, na ari sim ɗin maƙwabcina na kwana biyu. Na gwada shi a ɗakina, a shagon caji, a gona, da rana da kuma bayan magariba lokacin da kowa ya hau intanet sabis ke yin nauyi. Da na ga bidiyo na tafiya ba tsayawa a cikin ɗaki ƙofa a rufe, sannan na shirya tafiya.

Ba kuma kowace matsala ƙaura ke magani ba, mu 'yan Zamfara mun fi kowa sani. A farkon Satumba 2021 da aka rufe sadarwa a jihar nan gaba ɗaya saboda matsalar tsaro, zamanin Gwamna Bello Matawalle, ba layin da ya tsira. An buɗe Gusau a farkon Oktoba, mu na ƙananan hukumomi muka ci gaba da jira har wajen ƙarshen Nuwamba kafin a ba da umarnin buɗewa. Lokacin ko sim huɗu gare ka wayarka ta zama fitila da rediyo, finafinai kuwa sai wanda wani ya shigo da su a memori. Haka in ƙarfen sabis ɗin da ke kusa da ku ne ya tsaya don ba a kai mishi mai ba, wani lokaci kamfani fiye da ɗaya ne ke kansa, duk tare za su ɗauke.

Yanzu dai wata na biyu ke nan da ƙaurata. Inna tana kira na a lambar da ta haddace tun ina makarantar sakandare, ba ta ma san an yi wani abu ba. Mawaƙin nan ma ya sake nema na da sabuwar waƙarsa, wannan karon bugu ɗaya ya same ni, ita zan kawo muku ranar Juma'a in Allah Ya kai mu.