Abin da ke tura mutanen Doka kan kwalta

Titin da ya taso daga Gadarif ya nufi Galabat, bakin iyakar Habasha, ba don mai tafiya a ƙasa aka shimfiɗa shi ba. An yi shi ne don lori: ta kwashi riɗi da dawa zuwa kasuwar amfanin gona ta Gadarif, ko ta yi dakon kaya tsakaninmu da Matama da ke tsallaken iyaka. Doka kuwa tana kan hanya, titin ya ratsa ta, kuma a bakinsa ake saye da sayarwa, da shan shayi, da jiran mota.

Direban da ya zo wucewa yakan ɗauka taurin kai ne ke hana mutanenmu sauka daga kwalta. Bai san ƙasarmu ba. Baƙar ƙasar nan da ta mai da Gadarif rumbun Sudan tun da aka fara noman tarakta a shekarun 1940, da rani tsagewa take yi har mutum ya zura hannu. Ruwa na sauka, daga Yuni zuwa Oktoba, sai ta kumbura ta zama taɓo mai danƙo. Taku kaɗan za ka yi takalmi ya yi nauyi, in silifa ne ma a can za ka baro shi. Mai keke ya fi kowa shan wuya, don lakar takan cushe tsakanin taya da ƙarfe har ta ƙi juyawa, sai ka ga mutum ya saɓa kekensa a kafaɗa yana neman tudu. Tudun kuwa ɗaya ne, kwalta. A kanta ɗan makaranta zai bi, da mai amalanken jaki, da raksha, da mata masu tulin kaya a ka, da tarakta mai jan tirela, da lorin da ta sha lodi. Na ji wani direba ya leƙo yana faɗa da wata tsohuwa, ita kuwa ko ɗaga murya ba ta yi ba, ta ce masa, "Ɗana, to in bi ta ina?"

Zirga-zirgar ma ƙaruwa ta yi. A Nuwamban 2020 aka sake buɗe sansanin Um Rakuba da ke kusa da mu saboda masu gudun yaƙin Tigray, motocin agaji suka shigo hanya. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 kuma ya sa dubban mutane suka bi ta nan zuwa iyaka. Titin dai faɗinsa na nan yadda yake.

Batun gudu lissafi ne. Motar da ke tafiyar kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda, wato kafin ƙafar direba ta kai ga birki. A kilomita 30, mita 8 ce da ɗoriya. Bayan ya taka birkin kuma, mai gudun 60 yana bukatar ninki huɗu na tazarar da mai gudun 30 zai tsaya a cikinta. Shi ya sa taron ministoci na Stockholm a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, fiye da rabinsu masu ƙafa ne da masu keke da masu babur.

Wasu sun fara gyara. A Darussalam ta Tanzaniya, ƙungiyar Amend ta bi makarantun firamare tana yi musu hanyar ƙafa, da tudun rage gudu, da wurin tsallakawa, ayyuka ƙanana masu araha, raunin da yara ke samu kuma ya ragu. Addis Ababa ta fitar da tsarinta na masu ƙafa da keke tana keɓe musu layi. Sai dai ni ban ga amfanin kwaso nasu yadda yake a dasa mana ba. Fenti ba ya jimre wa laka. Gadar sama ta masu ƙafa, irin wadda ake alfahari da ita a manyan birane, jaki ba ya hawanta, tsoho ma sai ya gwammace ya ratsa ta ƙasa.

Abin da Doka ke bukata tun farko shi ne tudu na biyu: hanyar ƙafa a kowane gefe, a ɗaga ta da tsakuwa a danne, faɗinta ya ishi keke da mai kaya su wuce juna, da magudanar ruwa tsakaninta da kwalta. Magudanar aiki biyu za ta yi, ta kwashe ruwa, ta kuma hana lori hawa ta yi fakin. Sai a ba manyan motoci fili a bakin gari, don yaron da ya ɓullo daga bayan lorin da ke tsaye shi ne wanda direba ba ya gani. Bayan haka ne tudun rage gudu zai yi ma'ana, a mashigar gari da gaban makaranta da kasuwa, mai faɗi da alama tun daga nesa. Wanda matasa kan tara da ƙasa cikin fushi bayan an kaɗe wani, da dare shi ne ke kayar da mai babur, direba kuma ya kauce masa ta gefen da mutane ke bi.

Lokacin aikin rani ne, daga Janairu zuwa Mayu, sa'ad da aka gama kwashe dawa, ƙasa ta bushe, tireloli na zaune ba aiki. Dutse bai yi mana nisa ba. Masu taraktocin nan 'ya'yansu ma a wannan kwaltar suke bi zuwa makaranta, kuma da su ya kamata ƙaramar hukuma ta fara zama a kan jigilar tsakuwa.